Tsohon Babur da Bakin Mutane

Abin da nake so mu yi magana a kansa yau shi ne suka, watau irin maganar da mutane kan yi a kan aikin da mutum ya sa a gaba. Ba macen da ba ta san wannan abu ba. Wadda ta fara koyon ɗinki an ce ɓarnar yadi take yi, wadda ta koma makaranta bayan aure an ce neman suna ne, yarinyar da ta ce lissafi take so an ce ba na mata ba ne. Sau da yawa sai ku ga aiki ya tsaya alhali kuwa kuɗi ba su ƙare ba, ƙarfi bai ƙare ba, zuciya ce kurum ta karaya.

To, ni ma ina da wani aiki da ke jawo mini magana, watakila ma fiye da naku, domin babur nake haɗawa. Ni malama ce a makarantar firamare, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Marigayi mahaifina ya bar wani tsohon babur, Honda CG125, wanda ya yi shekaru a jingine cikin zaure, an lulluɓe shi da tabarma. Da aka zo rabon gado ba wanda ya kula shi sai 'yan gwangwan, su kuwa da kilo za su saya su farfasa. Sai na roƙi Inna da Baffa a sa mini shi cikin rabona, suka yarda. Tun daga ranar nake tsakurar albashina wata-wata, ni da ƙanena muna aikinsa a tsakar gida ran Asabar.

Niyyata ita ce in sake masa kama, ya fito irin baburan samarin Ingila na wajen 1950 zuwa 1960. A zamanin nan samarin Landan sukan taru a shagunan shan shayi na bakin hanya, mafi suna a ciki shi ne Ace Cafe, wanda aka buɗe a 1938. Ba su da kuɗin sayen baburan tsere, sai su kama na gida su cire duk abin da ke da nauyi, su saukar da kan babur ƙasa, su sa siririyar kujera mai ɗan tudu a baya. Wasu har sukan ɗauki injin Triumph su ɗora a kan ƙashin Norton, su kira shi Triton. Burinsu babur ya kai mil 100 a awa. Ni ba gudun nake nema ba, siffar ce ta ba ni sha'awa, da kuma son in ga abin da Baba ya bari ya sake tashi.

Da labari ya bazu a unguwa, magana ta yi ta zuwa ta kowace ƙofa. Abin da ya taimake ni kuwa wani darasi ne da na samu lokacin koyarwar gwaji. A kwaleji, idan aka tura ɗaliba aji, malami yakan zauna can baya da takardarsa yana rubuta abin da ya gani. Malamin kirki ba ya rubuta "ba ki iya ba" ya yi shiru. Cewa zai yi rubutun allo ya yi ƙanana ga yaran baya, ko kuwa an yi tambaya ba a jira amsa ba. Watau suka mai amfani tana da yatsa, tana nuna wuri. Saboda haka duk wanda ya kushe mini aiki, tambaya ɗaya nake yi masa da ladabi: "A ina ne? Nuna mini." Da wannan tambaya na tace masu magana, na ga ashe kashi uku ne.

Kashi na farko su ne masu nuna wuri. Babbansu wani tsohon makanike ne, abokin Baba, mutum mai kaushin baki. Ran da ya zo duba babur bai yaba komai ba. Ya durƙusa ya shafa taya ya ce, "Malama, waɗannan tayoyi ki jefar da su." Na ce, "Baba, ai ga zanensu nan bai suɗe ba." Ya ce, "Zane bai suɗe ba, amma roba ta mutu." Sai ya nuna mini wasu lambobi a gefen tayar. Yawancin tayoyin da aka yi daga 2000 zuwa yau suna da lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kamar 1523, watau mako na 15 na 2023. Namu kuwa lamba uku ce, alamar an yi su tun kafin 2000. Sa'an nan ya buɗe birki ya nuna mini yadda fatar da aka manna a jikin ƙarfe ta fara ɗagowa don tsufa, ya kuma hana ƙanena hure ƙurar da baki, domin tsofaffin birki da yawa an yi su da wani sinadari mai cutar da huhu. Maganarsa ba daɗi, kuma ta ci mini kuɗin wata biyu, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai fa kada ku ɗauka duk wanda ya nuna wuri gaskiya ya faɗa. Wani maƙwabci ya rantse cewa injin ya mutu murus, ba abin da zai tashe shi. Na gode masa, muka kwance injin a gaban tsohon nan, aka sake fistan da zobbansa da fulogi, aka wanke kafireta, aka zuba sabon baƙin mai. Bugu na huɗu ya tashi. Amfanin sukar da ta nuna wuri ke nan, ana iya gwada ta, sai an gwada kuwa akan san na ƙwarai.

Su kansu masu ƙera wannan babur haka suka yi. A 1974 injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashen Asiya, suka tarar ana lafta wa baburansu kaya, ba a sake baƙin mai a kan lokaci, injuna suna ta lalacewa. Da sun ga dama sai su ce laifin masu hawa ne su koma gida. Amma suka karɓi abin da suka gani, suka ƙera inji mai sauƙin gyara mai jure wahala, a 1975 CG125 ya fito. Ga shi nan a tsakar gidanmu ya tashi bayan shekaru yana barci.

Kashi na biyu su ne masu son rai. Waɗannan samari ne, abokan ƙanena, masu kallon hotunan babura a waya. Wani ya ce koren fentin da na zaɓa na tsofaffi ne, wani ya ce in sa salansa mai ƙara, wani ya ce muddin ban cire murfin sarƙa da madigadi ba, to, abin da na haɗa ba na Ingila ba ne, kwaikwayo ne. Irin wannan magana ba ta da laifi, amma ba dole ba ce. Na saurare su, na bar murfin sarƙata a wurinsa. Su wando suke sawa, ni kuwa da hijabi zan hau, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan bakin hijabi ko gyale ya shiga sarƙa ko taya. Kan babur ɗin ma ban saukar da shi ƙasa sosai kamar nasu ba, gama hanyar makarantarmu ramuka ne da rairayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kashi na uku su ne mafi zafi, domin ba babur suke suka ba, ni suke suka. Idan na ce a nuna mini wuri, ba abin da za a nuna sai ni kaina. Akwai masu dariya a bakin titi, masu kirana Malama Bakanike. Waɗannan ba na tanka musu, gama amsa ita ce abincinsu. Amma akwai Goggona, wadda ta riƙe ni ina ƙarama. Ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, mace da sifana a hannu, farce duk baƙin mai, wa zai zo neman aurenki? So kike a yi da mu a gari?" Na durƙusa na ce, "Na ji, Goggo, Allah ya huci zuciyarki." Ban yi mata gardama ba, domin na gane tsoro ne ke magana a bakinta, tsoron kuwa na ƙauna ne. Abin da na yi shi ne na nuna mata cewa a cikin gida nake aikin da iznin Inna da Baffa, aikin makaranta bai taɓu ba, girkina bai taɓu ba, ga hular kwano na saya tun kafin babur ya gamu. Har yau ba ta ce ta yarda ba, kuma ba na jiran sai ta ce. Na dai lura cewa idan muna aiki takan aiko mana da kunu.

Masu cewa ba a taɓa ganin mace da wannan aiki ba, lalle ba su ji labari ba ne. Ran 11 ga Disamba 1934 wasu 'yan mata biyu Turawan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwati a gefe, suna jan tirela. Suka ratsa hamadar Sahara, injinsu ya lalace aka gyara shi a Agadas, suka biyo ta Kano, suka isa Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ran 29 ga Yuli 1935. Akwai kuma Beatrice Shilling, wadda da hannunta take gyara baburinta na Norton, ta yi gudun fiye da mil 100 a awa a filin tsere na Brooklands. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce ta ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe da ya hana injin jiragen yaƙin Ingila shaƙewa idan sun yi ƙasa da sauri. Ban kawo su don in ce kowace yarinya ta hau babur ba. Na kawo su ne don ku san hannun mace ba ya tsoron ƙarfe.

Saboda haka, ƙannena 'yan makaranta, idan aka kushe muku aiki, kada ku yi saurin kuka, kada kuma ku yi saurin fushi. Ku tambaya a nuna muku wuri. Idan an nuna, ku gwada. In gaskiya ce ku gyara ku yi godiya, ko da wanda ya faɗa ba ya ƙaunarku. Idan son rai ne, ku saurara, sa'an nan ku zaɓi abin da ya dace da halinku. Idan kuwa ku ake suka, ku duba ko maƙiyi ne ko masoyi, ku kyale na farko, ku lallashi na biyu.

Ku kuma iyayena da yayyena matan gida, ina roƙonku da girmamawa, mu ma fa masu suka ne. Idan yarinya ta tuƙa tuwo bai yi ba, kada a ce mata "ke dai ba ki iya komai ba." A ce mata ruwa ya yi yawa, ko wuta ta yi kaɗan, ko ba ta bari ruɗe ya nuna ba. Maganar farko tana kashe zuciya, ta biyu kuwa gobe za ku ci tuwo mai kyau.