Inda Ɗaki Yake Yoyo

Ranar da na kai wa mahaifina labarin an ba ni gurbin karatun digiri na uku a fannin shugabancin makarantu, na same shi a zaure yana gyaran carbinsa da ya tsinke. Ya yi mini doguwar addu'a, sannan ya ce, "Uwata, ashe shugabancin ma karanta shi ake yi?" Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Dariya na yi, domin a ganina tambayar tsoho ce da zamani ya wuce.

Baba yana cikin malaman da aka horar cikin gaggawa saboda shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Takardar malanta mai daraja ta biyu ce iyakar takardarsa, kuma da ita ya riƙe makarantun ƙauye shekara ashirin da biyar yana hedimasta. Ni kuwa mataimakiyar shugaba ce a wata sakandaren 'yan mata. Ba zan ɓoye ba, kujera nake nema, da kuma ranar da za a kira ni Dakta.

Shekarar farko ta buɗe mini ido. Mun karanta kasafin kuɗin makaranta, da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Mun kuma karanta aikin Ronald Edmonds na 1979 a kan makarantun 'ya'yan talakawa a biranen Amurka, inda ya sanya jagorancin shugaba cikin abubuwan da ke bambanta makarantar da ake koyo da wadda ake zaman kashe wando. Daga nan na ɗauko batun kundina: yawan lokacin da shugabannin firamare ke ba wa duba koyarwa.

Na sayar da 'yan kunnena na zinare, na buga takardun tambayoyi 240, na raba su ta ofisoshin sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi biyu. Da suka dawo, kusan bakinsu ɗaya. Kowane shugaba yana shiga aji kullum, yana duba littafin shirin darasi kowane mako, yana zama da kwamitin kula da makaranta kowane zango. Kwamfuta ta fitar mini da jadawali gwanin sha'awa, babi na huɗu ya kammala cikin wata biyu. A babi na biyar har na fara rubuta cewa, tunda shugabanni suna sauke nauyinsu amma yara ba su iya karatu ba, laifin yana wuyan malaman aji.

Wata Juma'a da yamma na karanta wa Baba sakamakon, ina alfahari. Ya saurara har na kai aya.

"A wace ƙasa makarantun nan suke?"

"Baba, har da wadda kuka riƙe a ciki."

"Wa ya miƙa musu takardun?"

Na ce ofishin sakatare. Ya girgiza kai. "To, ba ke suka amsa wa ba, Uwata. Sufeto suka amsa wa. Mu ma a zamaninmu akwai littafin da ba ya fitowa daga akwati sai ranar da muka hango ƙurar motarsa."

Ban runtsa ba a daren. Ban ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, kuma babu mai jarrabawar da zai kama ni da laifi. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya riga ya cinye mini wata takwas, kuɗin rajista yana sake zagayowa, maigidana ya yi haƙuri har ina jin kunyarsa. Amma na san malaman da nake shirin ɗora wa laifi. Wasu tare muka yi kwalejin ilimi. Idan kundin ya shiga ɗakin karatu, wani ɗalibi zai kafa hujja da shi, wani kuma ya kafa da nasa, har ƙaryar ta yi gemu.

Ranar Litinin na je wurin farfesan da ke duba aikina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so in janye babi na huɗu." Ya cire tabarau ya dube ni. "Kin san shekara guda ce za ta tafi?" Na ce na sani. Ya ce, "To, ki bar aike. Ki je ki zauna."

Makarantu shida na zauna, kowace mako biyu, a kan benci, riƙe da littafi da agogo. Kwanakin farko ana kira na Hajiya ana share fili. Da aka ga ba na kai rahoto ko'ina, sai aka manta da ni. A nan na ga aikin. Wani hedimasta shi ne malamin aji biyar da aji shida, domin malamai huɗu ne ga azuzuwa shida, wa zai duba, kuma yaushe? Wani yakan kashe kwana biyu a mako a kan babur, yana kai takardu ofis yana bin albashin malamin da sunansa ya faɗi. Wani ya yi sati yana zarya ƙofar dagaci saboda iska ta yaye kwanon aji. Na ga wata shugaba da ke fita da hantsi ranar kasuwa, tana bi gida-gida tana roƙon iyaye mata su jinkirta talla zuwa azahar. Na kuma ga wanda ba ya leƙo makarantar sai Litinin, ya sa hannu a rajistar mako ya tafi gona. Shi ma a takardarsa yana shiga aji kullum.

Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje ya tambaye ni ko makarantu shida za su iya wakiltar jiha. Na ce ba za su iya ba, amma abin da na rubuta a kansu zan iya rantsuwa a kai. Shawarwarina ba su da girma: a horar da mutum kafin a naɗa shi shugaba, a rage masa zirga-zirgar ofis, kada a ƙidaya shi cikin malaman aji sannan a nemi ya duba su. Na ci, da gyare-gyare masu yawa.

Da na kai wa Baba kundin, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke dai kin yarda kin kwana a ciki." Amsar tambayarsa ta farko kuwa ita ce e, ana karanta shi. Ba don karatun ba, da ban san yadda zan auna abin da na gani in rubuta shi har wani ya amfana ba. Ba don shi ba kuma, da na auna iska.

Yanzu an ba ni makaranta. A zangon da ya wuce wani ɗalibin digiri na uku ya kawo mini takardar tambayoyi. Tambaya ta bakwai: sau nawa kike shiga aji duba darasi? Sai na ga alƙalamina ya nufi "kullum". A makon nan sau biyu na shiga, sauran kwanakin sun tafi a kan famfon da ya lalace da rajistar jarrabawa. Na rubuta biyu. Sannan na sa aka kawo masa benci, na tambaye shi ko yana da mako biyu.