Ajiyar da Ba Ma Zancenta a Wajen Jinya

Mu da muka tashi tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, jinya ba baƙuwarmu ba ce. Asibitin Malam Aminu Kano maƙwabcinmu ne a kan titin Zariya, kuma da wuya a sami gida a unguwannin nan da bai taɓa saukar da ɗan'uwa daga Katsina, Jigawa ko Damagaram ba, ya shimfiɗa masa tabarma a soro, ya riƙa kai kunu da kwanon tuwo. Mun iya haɗa kuɗin magani, mun iya nemo mai ba da jini da tsakar dare. Tambaya ɗaya ce ke maƙale mana a maƙogwaro: saurayin nan da aka ce yana da ciwon daji, idan Allah ya tashi kafaɗunsa, zai haihu kuwa?

Magungunan kemo suna farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne, kuma ƙwayoyin da ke samar da maniyyi na cikinsu. Haka ma gashin da ake yi a kusa da mara. Wani namijin yakan dawo daidai bayan shekara ɗaya ko 'yan shekaru, wani kuwa shi ke nan. Dabarar da likitoci suka sani ita ce a karɓi maniyyinsa kafin a fara magani, sau biyu ko uku da tazarar 'yan kwanaki, a gauraya shi da sinadarin da ke hana ƙanƙara fasa ƙwayoyin, a ajiye a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi yakan shekara goma, ashirin, bai lalace ba. Tulun ajiyar ma ba ruwansa da ɗauke wuta, ƙara masa ruwan naitirojin kawai ake yi, abin da ya kamata ya kwantar da hankalin duk Bakano.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1953 aka sami ciki da daskararren maniyyi a jihar Ayowa ta Amurka. A nan kusa, cibiyar binciken dabbobi da ke Shika ta daɗe tana yi wa shanu baye da irin wannan ajiya. Ga ɗan Adam kuwa, asibitocin haihuwa masu zaman kansu a Legas da Abuja suna yi, ana biyan kuɗin ajiya lokaci-lokaci. Ba araha, ga gidan da jinya ta riga ta tatse, amma ko mai hali ba zai nemi abin da bai ji labarinsa ba.

Mun san abin da zai fara zuwa ran mai karatu: nasaba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta taimakon haihuwa idan daga miji da matarsa ne. Malamai da dama sun ɗora ajiyar a kan wannan, da sharaɗin a yi amfani da ita ga matar mai ita kaɗai, yana raye, igiyar aure na nan, kuma a tsare ta daga cakuɗuwa da ta wani. Bayan mutuwa ko saki, ƙofa ta rufe.

Abin da ya fi damunmu shi ne wadda ke biyan kuɗin shirun. Ya warke, an yi masa aure, shekara uku ba ko ɓatan wata. Matar ake ɗirka wa saiwoyi, ita ake kira juya, ita ake yi wa kishiya, alhali amsar na kwance a tsohon katin asibitin mijin.

Kwanakin da ke tsakanin fitowar sakamako da kemo na farko kaɗan ne, kuma ba a jinkirta magani don ana jin nauyi. Uba ba zai iya furta kalmar a gaban ɗansa ba, balle ɗan fari. Uwa ma haka. Amma a cikin masu jinya ba a rasa taubashi, ko abokin da suka yi makarantar allo tare. Shi ne zai iya jan likita gefe ya ce: "Likita, wannan maganin zai taɓa masa haihuwa? Idan zai taɓa, kwana nawa muke da su, kuma ina za mu kai shi?"