Wa Ke Da Kifin Da Ke Cikin Ruwa?

 

Ya 'yan'uwana Musulmi, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu bin wannan fili, yau ina so in yi magana a kan waɗansu bayin Allah da muke cin guminsu kullum amma ba safai muke tunawa da su ba, watau masunta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne maganar da aka daɗe ana yi ta sake duba dokokin kamun kifi na ƙasar nan, da kuma wani laifi nawa na kaina wanda ya daɗe yana ci mini rai.

Kawuna, wan mahaifiyata, masunci ne a wani ƙauye na fadamar gulbin Rima. A bayan garinsu akwai wani tafki wanda gulbi ke cikawa da damina, in ruwa ya janye ya bar kifi a ciki. Tun kaka da kakanni Sarkin Ruwa ke tsaron wannan tafki. Da zarar ruwa ya fara ja sai ya sa a yi shela an rufe shi, ba mai jefa ko da ƙugiya. Sai bazara ta yi, hatsi ya ja baya a rumbu, sa'an nan a sa rana, a gayyaci ƙauyukan kewaye, kowa ya zo da homarsa da gorarsa. Masu ƙarfi su kama, a ɗebar wa tsofaffi da marayu da matan da mazansu suka mutu.

Ina saurayi na sami aikin akawun kuɗin shiga a wata ƙaramar hukuma. Ran nan sai ga wani attajiri da izni daga sama, ya biya kuɗi an ba shi tafkin na shekara guda. Ni na karɓi kuɗin, ni na rubuta rasit, ni na buga hatimi. Ya kawo 'yan ƙwadago da taru mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, suka share tafkin cikin 'yan kwanaki, manya da 'ya'ya, ya kuma sa masu gadi. Shekara ta kewayo ya sake. A ta uku bai dawo ba, domin ba abin da ya saura.

Da na je gaisuwar salla, Kawu ya bari sai da muka ci abinci, sa'an nan ya ce, "Malam akawu, an ce hannunka ne a takardar. To, ɗana, gaya mini, kifin nan da kuka sayar, kai ka zuba shi ko shugabanka?" Na ce, "Kawu, doka ce ta ba hukuma iko." Ya ce, "Ita dokar ta san da mu?" Na sunkuyar da kai. Har Allah Ya karɓi ransa ban ba shi amsa ba. 'Ya'yansa kuwa sun bar su, suna ga-ruwa a birni.

Daga baya, da na zauna gaban malamai, na tarar shari'a ta riga ta amsa tambayar Kawu. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa Musulmi suna tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Shi da Tirmizi sun kuma ruwaito labarin Abyalu ɗan Hammal, wanda ya roƙi Annabi (S.A.W.) ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib a ƙasar Yaman, aka ba shi. Da aka bayyana wa Annabi cewa gishirin nan kamar ruwa mai ɓuɓɓugowa yake, kowa na ɗiba, sai ya janye kyautar. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Halilu ya kawo a cikin Muhtasar, a babin raya mataccen fili, cewa ba a hana mutum kama kifi ko da ruwan yana cikin mallakar wani, sai dai masu sharhi sun togace inda shigar masunci za ta cuci shuka ko iyalin mai wurin. Ban da wannan, malamai sun sa sayar da kifi yana cikin ruwa a sahun cinikin garari, watau cinikin abin da ba a san yawansa ba, ba a kuma da tabbacin kama shi. Amma kifin da mutum ya saya ya zuba a kududdufin da ya haƙa, yana ciyar da shi, wannan dukiyarsa ce ba gardama.

Mai karatu zai ce, in haka ne ashe shi ma Sarkin Ruwa bai da ikon rufe tafki ke nan. To, a nan ne bambancin yake. Shari'a ta yarda shugaba ya keɓe wuri domin maslahar jama'a, abin da ake kira hima. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ɗora baransa Hunayyu a kan wata makiyaya da aka keɓe, ya umarce shi ya riƙa shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya yi hattara da garken Ibnu Aufi da na Ibnu Affan. Dalilinsa shi ne, su in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Halifa. Watau rufe ruwa domin kifi ya girma kowa ya amfana halal ne. Rufe shi domin mai kuɗi ya kwashe shi kaɗai, wannan shi ne abin da na buga wa hatimi.

Wanda ke shakkar amfanin rufewa irin ta farko ya dubi Matan Fada a Argungu. Ana hana su a wurin har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai ƙato ya yi da gaske zai ɗaga. Bikin ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Abin da ya raya wurin shi ne mutanen da suka san ruwan nasu ne, su ne kuma ke tsaronsa.

Yanzu mu dubi dokokinmu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna bisa amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar zama ga manomi da makiyayi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da wutar lantarki, ta ƙayyade idon raga, ta ba da ikon rufe ruwa na wani lokaci. Duk wannan madalla. Amma na karanta ta ban ga inda ta ce tafki kaza haƙƙin masuntan gari kaza ne ba. Saboda haka in aka tare gulbi, kamar yadda madatsar Bakolori da aka gama a 1978 ta rage ambaliyar fadamun da ke ƙasa da ita, kifi ya ragu, masunci ba shi da takardar da zai nuna. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da ƙa'idoji a 2012 a kan haƙƙin riƙon ƙasa da ruwan su da daji, da waɗansu a 2014 a kan ƙananan masunta, dukansu suna kira ga gwamnatoci su amince da haƙƙin gargajiya. Amma shawara ce, sai ƙasa ta mai da ita doka take aiki. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya bar sha'anin su na koguna da tafkuna a hannun jihohi, don haka gyaran yana kusa da mu, a majalisun jihohinmu.

Ga abin da nake roƙon masu gyaran doka. A bi tafkuna da wuraren su a rubuta su da sunan al'ummar da ke ci daga gare su, har da baƙin masunta da suka saba zuwa kowace shekara, da matan da ke bandar kifi a bakin ruwa. A ba Sarkin Ruwa da dattawan masunta ikon rufewa da buɗewa a cikin doka, amma a hana shi, kamar yadda za a hana hukuma, sayar da ruwan ga mutum guda. In za a yi madatsa ko wani aiki da zai taɓa ruwa, a lissafa masunci cikin masu diyya. Su ma masunta su ji tsoron Allah, domin mai zuba maganin ƙwari a ruwa ya ci amanar 'ya'yansa kafin ta kowa.

Kai kuma ɗan'uwana ɗan kasuwa, fataucin kifi halal ne, sai ka saya a hannun wanda ya kama, a farashin adalci. In ka ba masunci bashin raga, kada ka ɗaure shi da sharaɗin sai ya sayar maka a kan abin da ka ga dama. Kai ma'aikaci, kafin ka sa hannu a takarda, tambayi wanda ke ci daga wurin nan, domin ran gobe ba za a karɓi uzurin cewa daga sama aka aiko ba. Ni dai na nemi gafarar 'ya'yan Kawu sun yafe mini, amma sauran mutanen garin ban san yawansu ba, balle in bi su ɗaya ɗaya.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana.