Katunan 'Yan Ƙwallo

Kawuna ya kawo mini tsarabar katunan 'yan ƙwallo daga Amurka. Kullum da daddare mukan yi musayarsu a ɗakin kwana, har gefensu ya lanƙwashe. Da na je hutu ya gani, sai ya ce, "Haba ɗana, ai ka karya musu daraja!"

Ashe tun 1991 kamfanin PSA ke duba lafiyar kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba. A 2022 katin Pele mai maki 9 ya haura dala miliyan ɗaya.

Na yi nadama. To amma jama'a, katin da ba a taɓawa, ina daɗinsa? Nawa dai suna aljihuna.