Wasiƙa daga Abijan: Karta da Littattafanta

Zuwa ga Yayana mai daraja,

Ina sanar da kai cewa takardarka daga Maraɗi ta iso, na kuma fahimci abin da ya tayar maka da hankali game da ɗanka da ka damƙa mini amanarsa, wato labarin da wani bafatake ya kai maka cewa ya tarar da shi a ɗakinmu na Treichville ya baje katuna masu hotuna a kan tabarma yana nazarinsu. Mutumin bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya ɗauko.

Turawa suna kiran kartar nan tarot. Kati 78 ne, manya 22, ƙanana 56 da aka kasa gida huɗu. Wadda yaron ya samu a hannun wani abokin karatunsa na jami'ar Cocody ita ce wadda Caitlín da John Matthews suka fitar a Ingila a 1990, aka zana ta bisa hikayar Sarki Arthur da jarumansa, gidajenta kuwa su ne takobi da mashi da dutse da ƙoƙon nan da Nasara suke tsarkakewa, mai suna Graal. Da yake adabin Faransa na dauri yake karantawa, ba abin mamaki ba ne hotunan su ja hankalinsa. Da ya nemi in raka shi sayen littattafan da za su buɗe masa ma'anarsu, ban hana shi ba, domin na ga raka shi ya fi hana shi amfani.

Mai neman littafi da araha a garin nan, sai ya hau bas ya ƙetare gadar Houphouët-Boigny, ya ratsa Plateau ya sauka Adjamé, inda a tsakanin hayaniyar yaran motocin gbaka da hayaƙin masu soya kifin garba, waɗanda da yawansu 'yan ƙasarmu ne, zai tarar da masu baje tsofaffin littattafai a ƙasa bisa leda. A can babu wanda ya damu da tsari: littafin lissafin 'yan lakkwal yana jingine da na fassarar mafarki, na girki yana kan na falsafa. Na tarot kuwa ba su da wuyar samu, amma akasarinsu ƙanana ne marasa nauyi, kowanne yana alkawarin bayyana wa mai saye sirrin aure da arziki kafin gari ya waye.

A nan ne na ce wa yaron ya bi tartibin da muka gada a zauren malamai, inda ba a miƙa wa ɗalibi hashiya kafin sharhi, ba a kuma buɗe masa sharhi kafin ya riƙe matani. Matanin kartarsa shi ne hikayar kanta. Saboda haka muka fara da Perceval na Chrétien de Troyes, wanda ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 12 ya rasu bai kammala ba, a cikinsa ne kuma aka fara ambaton Graal. Na kuma umarce shi ya nemi tarihin sarakunan Birtaniya na Geoffrey na Monmouth, na wajen 1136, da littafin Thomas Malory wanda Caxton ya buga a 1485. Wanda ya karanta waɗannan, in ya ga hoton sarki mai rauni ko jirgin ruwa da mata a ciki, zai san daga inda mai zanen ya ɗauko, ba ya bukatar kowa ya yi masa tawili.

Bayan matani sai isnadi, a nan ne kuma na fi daɗewa da shi, domin a nan ƙarya ta fi yawa. Masu tahƙiƙi sun tabbatar cewa karta ta shiga Turai a shekarun 1370 daga ƙasashen Musulmi, har yanzu kuwa akwai ta zamanin Mamalik na Masar a fadar Topkapi ta Santambul, mai gidaje huɗu: kofuna da kuɗi da takubba da sandunan wasan ƙwallon dawaki. Tarot ya bayyana a arewacin Italiya wajen 1440, abin wasa ne na fadawa da attajirai, babu ruwansa da duba. Sai a 1781 wani malami a Faris, Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa hotunan nan littafin hikima ne na limaman Masar ta Fir'auna, ba tare da hujja ko ɗaya ba, a lokacin da babu mai iya karanta rubutun Fir'aunonin, tun da Champollion bai warware shi ba sai a 1822. A kan wannan da'awa Etteilla da Éliphas Lévi da Papus suka yi gini, kowanne yana ruwaitowa daga na gabansa yana ƙara nasa, mafi yawan abin da ke baje a Adjamé kuwa zuriyarsu ne. Na bar shi ya sayi Papus guda ɗaya don ya ga yadda ake ƙaga asali, na ce maganinsa shi ne rubuce-rubucen Michael Dummett, musamman littafinsa na 1980, da na Thierry Depaulis, wanda yake da Faransanci.

Kada dai mu yi wa Turawa dariya da yawa, Yaya, domin a bakin masallatan Adjamé da Treichville, a gefen Ahalari da Ishmawi da Risala, mai neman Shamsul Ma'arifi da ake jingina wa al-Buni, ko littafin ramli na Zanati mai siffofi 16, ba ya shan wahala, masu bugun ƙasa da wuri kuma ba su rasa masu zuwa, Musulmi da Kirista. Na tuna wa yaron cewa mu Katsinawa muna da namu: Shehu Muhammadu al-Katsinawi, mai Durrul Manzumi, masanin hisabi da hatimi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihi. Ibn Khaldun ma ya yi bahasin ramli a cikin Muƙaddima, ya bayyana yadda ake zana shi, sa'an nan ya rushe da'awar masu shi. Sanin abu daban, gaskata shi daban.

Sharaɗin da na gindaya masa ke nan, ya kuma karɓa: ya karanta don sanin tarihi da adabi, amma ba zai buɗe kati don ya gaya wa kowa, ko kansa, abin da gobe za ta haifar ba, domin gaibu na Allah ne Shi kaɗai, kai ma ka fi ni sanin gargaɗin da ya zo a kan mai zuwa wurin ɗan duba. Ɗan littafin da ya zo tare da kartar, inda aka jera ma'anar kowane kati, yana cikin akwatina, sai ya gama Chrétien zan ba shi.

Na Dummett da na Depaulis ba mu same su a ƙasa ba, sai dai mu sa a yi odarsu a kantin littattafai na Plateau, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. In ka amince, zan cire daga abin da ka aiko masa na wannan zango. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata goron da ta yi saƙo yana tafe a motar mako mai zuwa.

Wassalam,
Ƙaninka