Ruwa Nawa Taga Ɗaya Ke Sha?

 

Yau za mu ɗan kauce wa soyayya da rikicin kishiyoyi, mu leƙa wata sana'a da ta yi ƙarfi a Ingila, wato wankin gilashin taga da doguwar sanda mai ruwa. Wataƙila wasunku sun ci karo da bidiyonta a Facebook. Mutum yana tsaye a ƙasa riƙe da sanda kamar gorar kaɗo mangwaro, a kanta akwai buroshi, siririn tiyo ya bi ta cikinta, ruwa yana fita ta tsakiyar gashin buroshin. Ya cuɗa tagar hawa na uku, ya ɗauraye, ya wuce abinsa. Ba sabulu, ba tsumma, ba tsani. Tagar ta bushe da kanta, tas da ita.

Dabarar ta daɗe. A Amurka an yi ta amfani da irin wannan sanda tun shekarun 1950, amma a Ingila ta bunƙasa ne daga shekarun 1990, sannan dokar aiki a wuri mai tsawo ta 2005 ta ƙara mata wuta. Dokar ba ta haramta tsani ba. Cewa ta yi duk aikin da za a iya yi daga ƙasa, to kada a hau sama a yi shi. Masu wankin taga, waɗanda faɗuwa daga tsani ta daɗe tana karya su, suka rungumi sanda.

Sirrin bushewa ba tabo yana cikin ruwan. Ruwan famfo ko na burtsatse yana ɗauke da narkakkun ma'adanai, su ne farin tabon da kuke gani a kofin gilashi ko a gindin butar shayi. Masu wannan sana'a suna tace ruwan har sai kusan babu komai a cikinsa. Suna da wani ɗan ma'auni kamar biro da ake tsomawa a ruwa, yana nuna yawan ma'adanan a kashi cikin miliyan. Ruwan famfon Landan, da yake yana ratsowa ta ƙasa mai alli, yakan haura 200. Su kuma sifili suke nema, idan ya wuce 10 sai su fara tsoron tabo. Turawan suna kiran wannan ruwa da sunan da muke kiran ruwan leda, amma kada sunan ya ruɗe ku, fiya watanmu da sauran ma'adanansa a ciki. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne ruwan batir.

To, abin da ya ja hankalinmu a cikin duk wannan kaya shi ne mafi ƙanƙanta. A jikin katakon buroshin, ko robarsa, akwai 'yan bakuna biyu, wani lokacin huɗu, da ruwan ke fita ta cikinsu. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana harbo ruwa siriri a miƙe, Turawa suna kiransa da sunan fensir, mu kuma bari mu ce masa bakin tsarto. Raminsa yawanci milimita 2 ne, akwai na 1.4, akwai na 1. Na biyu yana baje ruwan ya yi faɗi kamar mafici, sai mu ce masa bakin mafici. Idan wani a zauren nan yana da sunan da ya fi waɗannan zama a baki, muna maraba, don idan ba mu raɗa ba, 'yan kasuwa za su raɗa mana na Turanci a karye.

Masu sana'ar sun daɗe suna musu a kan wanda ya fi. 'Yan tsarto suna cewa nasu ba ya jin iska, inda ka nufa nan zai sauka, kuma kana iya ɗaga buroshi daga gilashi ka bi saman tagar da ruwa, ya gangaro da dauɗa kamar labule. 'Yan mafici suna cewa nasu ya fi rufe wuri a lokaci guda. Akwai gilashin da ruwa ke shimfiɗewa a kansa, akwai kuma wanda ruwa ke taruwa ƙwaya-ƙwaya kamar a ganyen gwaza. A irin na biyun, tsarto yakan bi hanya ɗaya ya bar wasu wurare ba a ɗauraye ba, shi kuwa mafici yana taɓa ko'ina. Aibinsa shi ne yana son matsi mai ƙarfi kafin ya buɗe, yana fantsama sama da firam ɗin taga ya jiƙo dauɗar bango ta gangaro bayan an tafi, kuma iska tana kwashe wani kasonsa tun kafin ya isa gilashi.

Da yawa suna zaton ƙaramin rami shi ne tsimin ruwa kai tsaye. Ga waɗanda muka taɓa zama ajin ilimin gudanar ruwa a kwalejin fasaha, maganar tana da sauran bayani. Famfon batir ne ke turo ruwan, kuma akwai wata 'yar na'ura da ake murɗawa a ƙara masa gudu ko a rage. Ita ce ke yanke yawan litar da za ta fita a minti. Aikin ramin shi ne ya mayar da wannan ruwa mai sauri ko mai sanyin jiki. Ramin milimita 1.4 rabin na milimita 2 ne a faɗin fili, na milimita 1 kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne. Saboda haka ruwa iri ɗaya zai fita ta ƙaramin da saurin da ya ninka huɗu. Kowa ya san haka, duk wanda ya taɓa toshe bakin tiyo da babban yatsa. Ribar ƙaramin rami ita ce yana ba ka dama ka rage gudun famfon amma ruwan ya ci gaba da isa gilashi da ƙarfinsa. Idan ka sa ƙaramin baki ka bar famfon a inda yake, ba ka yi tsimin kirki ba, ka dai ƙara wa famfo wahala, batir ya yi saurin sauka, mahaɗin tiyo ya riƙa fincikewa, ruwa ya riƙa dukan gilashi yana dawo maka a fuska. Ga kuma tsawo da nasa haraji, kowace mita 10 da ruwa zai hau tana cin kusan ba ɗaya na matsi.

Buta ta riga su gano wannan. Siririn bakinta ne ya sa mutum yake alwala da abin da bai kai lita ba, alhali a bakin famfo sai ya zubar da ninkin-ba-ninkin haka bai sani ba. Amma ko buta sai da hannu mai karkata ta da tsayar da ita.

Abin da ya sa muka zurfafa a wannan batu shi ne wani abokin karatunmu da yake haɗa wa mutane sola a Kaduna. Ya ga farantan da ya kafa suna rufewa da ƙura, wuta tana raguwa, masu gida suna kiransa suna cewa kaya ba su da kyau. Ya ga bidiyon sandar nan, ya ce ga sana'a: wankin farantan sola, da gilasan bankuna da manyan shaguna. Ya ƙudurta zai zuba kuɗin adashinsa. Ya zo mana da takardar lissafi, akwai sanda, akwai famfo, akwai batir, akwai mataci, akwai kuɗin dako. Layin ruwa babu. Ba laifinsa ba ne, bidiyon da ya kalla na mutanen da ke murɗa famfo ruwa ya zo ne, dare da rana.

Sai muka zauna muka buga. Masu wannan aiki sukan saki tsakanin lita 1 zuwa 2 a minti. Mu ɗauki ɗaya da rabi. A awa ɗaya lita 90 ke nan. Idan ruwa ya yi awa huɗu yana zuba a yini, an sha lita 360, wato jarka 14 da ɗoriya, irin mai lita 25 ta 'yan garuwa. Shi ya sa za ku ga motocinsu a Ingila da tankin lita 400 ko 500 a baya.

Wannan kuwa ruwan da ido ya gani ne. Akwai wanda ya zube tun a gida. Babban matacin da suke amfani da shi irin na gidajen fiya wata ne, ana matsa ruwa ya ratsa wani tantani, mai tsabta ya wuce, sauran ya kwashe ma'adanan ya bi ta wani tiyo zuwa kwata. A inji mai kyau ma kusan rabi ne ke tafiya haka, ƙananan na gida kuwa suna iya zubar da ninki biyu ko uku na abin da suka tace. Ke nan lita 360 ɗin nan ta fara ne a matsayin 720 ko fiye, kusan jarka 29. Duk litar da iska ta ɗauke a bakin buroshi, biyu ce ta tafi. Akwai wata hanyar, wato a bi da ruwan ta cikin wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi da ke tsotse ma'adanai. Ita ba ta zubar da ko ɗigo, amma ƙwayoyin suna ƙarewa, kuma iya taurin ruwanka iya saurin mutuwarsu. A Sikotilan, inda ruwan wurare da dama ba shi da tauri, wasu da su kaɗai suke aiki. Ga mai shigo da su da dala yana zuba musu ruwan burtsatse, lissafin daban ne.

Wani wurin da ruwa ke sulalewa shi ne tsakanin taga da taga. Mutum ya gama wannan, yana jan tiyo, yana rage tsawon sanda, ruwa yana ta zuba a ƙasa. Daƙiƙa 20 kacal a gudun da muka ɗauka rabin lita ne. A taga 100, jarka biyu sun bi ƙasa ba su wanke komai ba. Turawan suna da wani ɗan makulli a cikin sanda, ka fizgi tiyo sau ɗaya ruwa ya tsaya, ka sake fizga ya dawo. Waɗanda ba su da shi suna lanƙwasa tiyon da hannu. A namu ganin, wannan ɗan makulli ya fi duk musun tsarto da mafici tasiri a kan tanki.

Amma fa a yi hattara, ƙwauron ruwa ma ɓarna ce. Idan ka rage shi ya koma ɗis-ɗis, ɗauraya za ta ɗauki lokaci, dauɗa ba za ta gangaro ba, tabo ya fito, gobe a kira ka ka sake. Lita 1 a minti na tsawon minti guda lita ɗaya ce. Lita 2 a minti na daƙiƙa 25 ba ta kai lita ɗaya ba. Da yawa daga cikin tsofaffin hannu a sana'ar sun fi son su saki ruwa sosai su yi sauri. Abin aunawa shi ne abin da taga ɗaya ta sha, kuma wannan ba ya bukatar wata na'ura, bokiti mai ma'auni da agogon waya sun isa.

Da za a kawo sandar nan arewa, ƙasar da kanta za ta sauya mata ɗabi'a. Tagogin yawancin gidajenmu suna bayan ƙarfe da raga, wasu ma luba ne, buroshi ba shi da hanyar shiga. Kasuwarta tana jikin dogayen gine-gine masu fuskar gilashi irin na Abuja, da farantan sola da suka cika rufin gidaje da asibitoci da gidajen mai. Dauɗarmu ma daban ce. A Ingila ana zagayowa taga duk bayan mako huɗu zuwa takwas, abin da ake samu ɗan dusar hanya ne da kashin tsuntsu. Mu kuwa hunturu yana kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na Chadi, ta kwanta a gilashi kamar an barbaɗa gari. Ka zuba mata ruwa kai tsaye, ka kwaɓa taɓo, sai ka ninka ruwa kafin ka fitar da shi. Shawarar da muka ba abokin namu ita ce a fara kakkaɓe ƙurar da busasshen buroshi mai laushi, a hankali don kada a karce gilashi, sannan a kawo ruwa.

A zaɓen baki kuma mun karkata ga tsarto. Iskar hunturu ga ƙarfi ga bushewa, feshin mafici yana tashi za ta raba shi biyu ta tafi da rabi. Zafin bazara kuma yakan busar da siririn ruwa a kan gilashi tun bai gangaro da dauɗar ba. Inda muke ganin mafici zai yi rana shi ne a kan farantan sola, da yake a kishingiɗe suke ga faɗi, shi ma da sassafe kafin iska ta tashi. Dama ba a son a watsa wa faranti ruwan sanyi da tsakar rana yana ƙuna.

Akwai kuma ruwa biyu da muke da su muna kallo suna bin ƙasa. Ruwan sama yana sauka da ma'adanai kaɗan ƙwarai, idan aka bar na farko ya wanke kwano sannan aka tara, ɗan taci kaɗan yake nema, wasu masu sana'ar a Ingila ma shi suke tarawa. Na biyu shi ne wanda ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki, tururin iska ne ya koma ruwa, shi ma kusan babu ma'adani a cikinsa, ko da yake ba na sha ba ne. Ginin da ya fi yawan gilashi shi ne ya fi yawan waɗannan na'urori, kuma da damina tiyonsu yana yini yana zuba a jikin bango. Wanda ya fito daga mataci a matsayin shara kuwa, a tare shi a duro, yana wanke tsakar gida da banɗaki lafiya lau.

Sai mun ji daga gare ku, musamman masu aikin sola da 'yan gidan ruwa da ke cikinmu. Allah Ya kai mu wani makon.