Tafiyar Ƙasa Cikin Damina

Yau ina so in yi muku zancen tafiyar ƙasa cikin damina, domin abin da mu ke zato ya wuce tare da kakanninmu, ga shi ya komo wa matan ƙasar Zurmi.

A da, fatake su kan tashi daga ƙasar Hausa har Gwanja neman goro, da madugunsu da jakunansu, mata kuwa suna biye da su, su ke yi musu abinci a zango. Amma su sai ruwa ya ɗauke su ke ɗaura kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, sa'an nan motoci suka biyo baya, sai doguwar tafiyar ƙasa ta zama labari. Mu da muka taso ba mu san ta ba, sai da 'yan bindiga suka koya mana, su kuwa ba ruwansu da rani ko damina.

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka yanke layin waya a Jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, mu mata tara da yaranmu muka bar ƙauyenmu da ke gabas da Zurmi, muka nufi Ƙaura, inda mu ke da dangi. Babu mota a wajenmu, ko da akwai ma kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Kwana huɗu muka yi, domin muna kauce wa hanya, ga yara, ga tsohuwa. Tsohuwar nan Gwaggo ce, yayar mahaifinmu, ita ce ta zama madugunmu, don tana yarinya ta sha ɗaukar gyada a ka zuwa Ƙaura.

Tun a ƙofar gida ta sa kowa ta sauke kayanta ta duba. Wata ta ɗauko kwanonin jerenta, Gwaggo ta ce mata, "'Yar nan, kayan da ba su yi miki nauyi da safe ba, da la'asar za ki yi kuka da su. Aje." Abin da ta yarda aka ɗauka shi ne tukunya ɗaya ta kowa da kowa, da tabarma, da zane biyu biyu, da gishiri, da sukari kaɗan, da ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da man kaɗe, da lalle, da ashana ƙulle cikin leda. Fura da gumba ta ce a shanye su ran farko, don cikin wannan zafi ba su kwana ba su yi tsami ba.

Kullum da asuba mu ke tashi. Raɓa ta jiƙa mu har ƙugu, dawa ta yi tsawo ta rufe mu, ba mai hango mu, mu ma ba mu hango kowa. Kafin hantsi ya dubi ludayi an ci rabin tafiyar yini. Da rana ta take kuwa, kai, sai ƙasa ta dinga huci kamar an buɗe tukunyar dambu. Gumi ba ya bushewa. Gammo ya jiƙe, goyo ya manne a baya, ƙuraje su feso wa yaro a wuya da hammata, ya yi ta kuka, uwa tana rarrashi a hankali don kada muryarsa ta yi nisa. Nan sai mu sami inuwa mu kwance goyo, a shanya zannuwa a kan geza.

Wajen la'asar idon kowa yana gabas, don daga can hadari ya ke tasowa. In iska mai sanyi ta buso, to, saura kaɗan. Gwaggo ba ta yarda a fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, saboda tsawa. Sai mu tara yara a tsakiya, mu rufa musu leda da tabarma, mu manya ruwa ya ƙare a kanmu. Tun da rana kowace mace ta tsinci 'yan ƙirare busassu ta cusa cikin kayanta, don bayan ruwa babu abin da zai kama wuta a daji. Da su mu ke dafa tafasa da rama da muka tsinka a hanya, a daka ƙuli-ƙuli a yi kwaɗo. Wani manomi da ya gan mu ya karyo mana gero, muka gasa tumu, yara suka yi ta murna kamar ran salla.

Ƙafa ita ce jarin matafiyi. Laka ta cinye mana silifa tun rana ta biyu, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage don zama cikin ruwa. Kowane dare, kome gajiya, Gwaggo sai ta bi mu ɗaya ɗaya: a wanke ƙafa, a goge ta bushe sarai, a sa lalle, a shafa man kaɗe. Sa'an nan sauro ya karɓi aikinsa har gari ya waye.

Ran na uku muka iske wata ƙorama ta kawo, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. Wata ƙanwarmu ta ce, "Gwaggo, mu shiga mana, tsayawa nan ai hatsari ne." Ta ce, "Ruwan gaba ya fi na baya saurin kisa. Ki zauna." Ta kafa kara a bakin ruwan, muka zauna muna dubansa, zuciyar kowa tana dukan uku uku. Sai da ruwa ya janye daga karan da kamu biyu, sa'an nan muka ratsa, riƙe da hannun juna, yara a wuya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Wani abin mamaki, ruwa ko'ina amma na sha ya yi wuya. Gwaggo kurkunu ta ke tsoro, ta sa a tace ruwa da ɗankwali. Kurkunu kam an tabbatar ya ƙare a Nijeriya tun 2013, amma a shekarar da muka yi tafiyar nan amai da gudawa ya yi ɓarna ƙwarai a Arewa, shi kuwa tacewa ba ta hana shi, sai tafasawa. Saboda haka rabin ƙirarenmu a ruwan yara ya ƙare. Ku riƙe wannan: in yaro ya fara gudawa, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a dinga ba shi kaɗan kaɗan har a kai shi asibiti.

Ran na huɗu da azahar muka shiga Ƙaura, garin da ke bakin Gulbin Gagare, ba mu rasa kowa ba, alhamdu lillahi. Amma ba duk ayari ke samun irin Gwaggo ba. Don haka ku 'yan mata, ku zauna da tsofaffinku ku tambaye su yadda a ke ɗaura kaya, da ganyen da a ke ci, da yadda a ke gane ruwan da za a iya ratsawa, tun suna da rai.

Ku kuma matan Ƙaura da Shinkafi da Gusau, in kun ga mace a ƙofar gidanku, zanenta jiƙe, ƙafarta duk laka, kada ku fara da tambayar wa aka kashe, me aka ƙwace. Ku ba ta ruwan zafi ta gasa ƙafa, da busasshen zane, da kunu ga yaro, ku nuna mata inda za ta kwanta. In ta huta, da kanta za ta ba ku labari.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Amin.